Ma'anar alajin ƙarfe ga wanda aka sauya wa gwiwa ko ƙugu

Akwai matan da in suka sa 'yan kunnen da ba na zinare ba, kafin kwana biyu kunne ya hau ƙaiƙayi yana ruwa. Wani kuma maɗaurin agogo ne ke fito masa da ƙuraje. Mukan ce "ƙarfen bai karɓe shi ba". Abin da likitoci ke kira alajin ƙarfe ke nan, kuma akasari sinadarin nikel ne ke jawo shi, sai kobal da kuromiyom.

Abin ya shafi masu sauyin gaɓa ne saboda gwiwar da ake dasawa yawanci haɗin kobal da kuromiyom ce, da ɗan nikel a ciki. Yau da gobe ƙarfen yana sakin ɓurɓushin da ido ba ya gani, ya haɗu da furotin na jiki, sai garkuwar jikin wasu mutane ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba. Ba irin borin jinin da ke tasowa nan take ba ne. A hankali yake zuwa, bayan makonni ko watanni da tiyata: ciwon da ya ƙi lafawa, kumburi, gaɓa ta sandare, wani lokaci ƙuraje a fatar wurin.

Sai dai waɗannan alamomi su ne kuma alamomin shigar ƙwayoyin cuta, ko kwancewar ƙarfen daga ƙashi, kuma waɗannan biyun su suka fi alaji faruwa nesa ba kusa ba. Shi ya sa likita zai fara da gwajin jini, da zuƙo ruwan gaɓar, da hoton ƙashi. Sai ya kawar da su kafin ya zargi alaji. Ko gwajin da ake manna ƙarafa a gadon baya na awa 48 ba ya yanke hukunci, domin fata daban, cikin gaɓa daban. Da yawa fatarsu ba ta son nikel, amma suna takawa lafiya da gwiwar ƙarfe.

Kada a haɗa alajin ƙarfe da matsalar wani ƙugun ƙarfe mai suna ASR da kamfanin DePuy ya janye daga kasuwa a 2010. Can ƙarfe ne ke gogar ƙarfe yana zubar da gari mai yawa.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai masu sikila ne, da kan ƙashin ƙugunsu ke mutuwa tun suna matasa, su rayu shekaru masu yawa da abin da aka dasa. In 'yan kunne ko agogo na ci maka fata, faɗa wa likita kafin a sa ranar aiki, ko a Asibitin Ƙashi na Dala ne ko a Indiya. Akwai gaɓoɓin taitaniyom, da na tangaran, da na zakoniyom irin Oxinium, amma sai ya sani da wuri zai iya tanadarsu.