Harajin bonas na ma'aikata

Bonas wani ƙarin kuɗi ne da ma'aikata ko kamfani ke bai wa ma'aikaci a kan albashinsa, ko don ƙwazo, ko don ribar da aka samu, ko a ƙarshen shekara. Duk da cewa wasu na kiransa kyauta, dokar haraji a yawancin ƙasashe ba ta ɗauke shi kyauta ba. Kuɗin shiga ne kamar albashi, ana haɗa shi da sauran abin da mutum ya samu a shekarar, sannan a lissafa haraji a kan jimillar.

Abin da ke sa ma'aikaci ganin an yi wa bonas ɗinsa yankan ƙauna shi ne tsarin haraji mai hawa-hawa. A irin wannan tsarin, kason farko na kuɗin shiga ba a taɓa shi ko kuma ana karɓar kaɗan, kashi na gaba ya fi tsada, haka har sama. Albashi ya riga ya cinye matakan ƙasa masu sauƙi, don haka bonas yakan sauka ne a matakin da ya fi tsada a lissafin mutum. Sai dai tsoron da wasu ke yi cewa bonas zai tura su wani mataki har albashinsu gaba ɗaya ya koma can, ba shi da tushe: kuɗin da ya haura iyakar ne kawai ake cajinsa da sabon kaso.

Akwai kuma bambanci tsakanin abin da aka cire ranar biya da ainihin harajin da ke kan mutum, kuma nan ne aka fi ruɗewa. A Amurka, mai ɗaukar aiki na iya cire kashi 22 cikin ɗari kai tsaye daga bonas, kason da ya fara aiki a 2018 bayan da aka rage shi daga kashi 25. Abin da ya wuce dala miliyan ɗaya a shekara kuwa, kashi 37 ake cirewa. A kan wannan ana ƙara kashi 6.2 na asusun tsaron zaman jama'a, wato asusun fansho na gwamnati, da kashi 1.45 na Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi. Ke nan bonas na dala 1,000 zai koma dala 703.50 tun kafin jiha ta ɗauki nata, in tana karɓa. Wata hanyar ita ce a haɗa bonas da albashin wannan lokacin a lissafa kamar kullum haka mutum ke samu, wanda sau da yawa yakan sa a cire fiye da kima. Ko wace hanya aka bi, ana daidaita lissafin idan an cika takardun haraji na shekara, wanda aka cire wa fiye da kima a mayar masa.

A Birtaniya, ban da Sukotlan mai nata matakan, kason haraji yana tashi daga kashi 20 zuwa 40 a kan abin da ya haura fam 50,270, sannan ga kuɗin inshorar ƙasa. Tarkon da ya fi ciwo yana tsakanin fam 100,000 da 125,140: a nan ana janye fam ɗaya daga kason fam 12,570 da ba a biya wa haraji a duk fam biyu da aka ƙara samu, abin da ke mai da ainihin harajin kuɗin da ke wannan tsakanin kashi 60.

Shi ya sa wasu ma'aikata ke neman a zuba bonas ɗinsu, ko wani ɓangarensa, cikin asusun fansho kafin a cire haraji, inda doka ta yarda. Wasu kuma kan nemi a jinkirta biyansa zuwa shekarar harajin da suke sa ran samun kuɗi kaɗan, amma wannan sai da amincewar mai biya.