Mama, Kada Ki Sayar da Ƙwan Kajinki Ki Sayo Gudawa

Tun da zafin bana ya shigo, da wuya mako ya fita ban karɓi wata uwa a ɗakin awo ba da ƙorafi iri ɗaya, wato jiri, kasala, faɗuwar gaba, da ɗaurewar jijiyar ƙafa cikin dare. Idan na tambaye ta ko tana shan wani magani, sai ta ce a'a. Idan na sake tambaya na ce, to ban da maganin asibiti fa, ko akwai wani shayi ko jiƙo da take sha, a nan ne za ta sunkuyar da kai ta yi ɗan murmushi, ta buɗe jaka ta fito da kwali. Yawancin masu zuwa wurinmu daga Sabon Gari suke, da Birget da Badawa, kuma da yawa daga cikinsu na san su tun suna da cikin fari, wasu ma muna zama benci ɗaya da su ranar Lahadi. Saboda haka ba zan yi kwana-kwana ba: shayin rage ƙiba da kuke sha yana cutar da ku, kuma na gaji da ganin abin da yake yi muku.

Wadda ta sa na zauna rubuta wannan wata uwa ce mai 'ya'ya 4, ƙaramin bai cika wata 8 ba, yana kan nono. Ranar wata Lahadi ta tashi za ta shiga layin baiko, sai ta ga duhu, ta zube tsakanin benci. Matan zumunta suka yi mata fifita, suka yayyafa mata ruwa, washegari maigidanta ya kawo ta a adaidaita sahu. Da na duba bakinta, harshen ya bushe kamar tsumma, leɓɓan sun tsattsage, na ja fatar bayan hannunta ta daɗe ba ta koma ba. Na ce, "Mama, sau nawa kike zagayawa a rana?" Ta ce, "Sista, sau 5 ko 6, amma ai mai sayarwar ta ce kitsen ne yake fita." Na ce, "Me kika ci jiya?" Ta yi shiru, sannan ta ce ba ta cin komai sai la'asar, ta kusa wata guda a haka. Maigidan ya buɗe baki yana kallonta, domin bai san da maganar ba sam. Shi a ganinsa hidimar yara ce ta sa take ramewa a fuska.

Kitse ba ya fita ta bayan gida. Abin da yake fita ruwan jikinki ne da gishirin da zuciya da jijiyoyi suke aiki da shi. Yawancin irin wannan shayi ganyen sa zawo ne a ciki, dangin filasko ɗin da kakanninmu suke jiƙawa idan ciki ya ɗaure, wasu kuma a haɗa da abin da yake sa yawan fitsari. Idan kin hau sikeli kika ga kilo 2 ya ragu a kwana 3, ki sha ruwa ki ci abinci na kwana 2 ki sake hawa, za ki tarar ya dawo cif. A garin da zafi yake kai maki 40 a watan Afrilu, mace tana shayarwa, tana gumi a gaban murhu, sannan ta ƙara wa kanta gudawa da kuɗinta! Ƙoda ba ta jure wannan na dogon lokaci, kuma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda ya san abin da ake kashewa a kowane zama. Akwai ma abin da ya fi wannan muni. Wani magani mai suna sibutramine an janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumomin magani a ƙasashe daban-daban sun sha gano shi a ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da aka rubuta wa "ganye zalla". Kwalin da wannan uwa ta nuna mini ba shi da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ba shi da adireshin wanda ya haɗa shi, sai hoton wata siririyar mace da tef ɗin awo a ƙugunta.

Na san abin da yake kai ku ga wannan, kuma ba na raina shi. Mace ta haihu 3 ko 4, ciki ya saki, rigunan da ta ɗinka shekara 2 da suka wuce sun ƙi shiga, an fitar da ankon zumunta tela ya ce a ƙaro yadi. Wata a bakin ƙofar majami'a ta ce, "Kai, Mama, kin yi kyau, kin cika," alhali ke kin san abin da take nufi. Gwiwa tana ciwo idan za ki hau bene, an auna jini an ce ya ɗan hau. Son rage jiki a wannan hali abu ne mai kyau, ni kaina nake cewa a rage. Abin da yake ɓata mini rai shi ne hanyar da ake bi, da kuma yadda ake yaɗa ta. Mai sayar da shayin ba baƙuwa ba ce, 'yar'uwa ce a cikin zauren WhatsApp na mata, tana sa hoton "da" da "yanzu" tsakanin saƙon addu'ar safe da sanarwar suna, kuma saboda tare kuke waƙa sai ki ji kunyar tambayarta abin da yake ciki. Ita ma ba ta sani ba, sarowa ta yi. A shago ɗaya za ki ga ana sayar wa siririya "sha ka fashe" don ta yi ƙiba, ana sayar wa mai jiki shayi don ta rame, dukansu biyu kuma wurinmu suke ƙarewa.

Bayan mako guda na bi wannan uwa gida, domin ban yarda ta zubar da sauran kwalin ba. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, amma ta samu wani lungu a bayan kicin inda maigidanta ya kafa mata keji da katako da waya da tsohon kwano. Kaji 12 ne masu ƙwai a ciki, jajaye, fes da su, ƙasan an shimfiɗa dusar katako, mazubin ruwan a wanke, abin da ba kasafai nake gani ba. Tana cikin yi mini bayani ta sa hannu a wani tsohon daro ta ɗebo ƙwai 4 masu ɗumi. Ta ce tana samun 9 ko 10 a rana, a kwana 3 kiret mai 30 ya cika, mai shayi na bakin layi yana zuwa ya ɗauka. Na ce, "Nawa kike bar wa gida?" Ta ce sai wanda ya fashe. Na ce, "Kuɗin fa?" Ta ce wani na abincin kaji, wani na adashi, sauran kuma, sai ta yi shiru. Kwali ɗaya na shayin rage ƙibar yana cin kuɗin kiret 2.

Ku duba wannan lamari da kyau. Mace tana da abinci mai gina jiki a bayan ɗakinta, tana ɗibarsa da hannunta kullum safe, ta miƙa wa mai shayi ya soya wa wasu, ta karɓi kuɗin ta sayo abin da zai sa ta kwana a bayan gida. 'Ya'yanta kuma suna tafiya makaranta da ruwan bunu da burodi. A ranar ban iya ɓoye fushina ba, na yi mata faɗa kamar ƙanwata, har maƙwabciyarta ta leƙo. Daga baya na ba ta haƙuri a kan ɗaga murya, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ƙwai ɗaya yana da sinadarin gina jiki kusan giram 6, kuma yana riƙe ciki. Idan kin dafa guda ɗaya da safe kika haɗa da koko marar sukari ko ɗan faten acca da ganye, za ki kai azahar ba tare da hannunki yana rawa ba. Wadda ta ƙi karyawa kuwa, mun san yadda ranarta take ƙarewa: la'asar na yi yunwa ta ci ƙarfinta, ta sayi lemo mai sanyi da cincin, da dare ta zauna gaban malmalar tuwo 3 ko tulin shinkafa, ta ci har da ragowar yara don kada a zubar, sannan ta kwanta. Babbar robar lemo ɗaya tana ɗauke da sukarin da ya wuce cokalin shayi 10, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin ya fi kyau babba ya tsaya a kusan cokali 6 a yini. Shayin rage ƙiba ba zai goge wannan ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma uwa mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci a kan na da, ba ragi ba. Ina jin wasu suna cewa ai azumi suke yi. Azumin ibada daban ne, yana da lokacinsa da niyyarsa, kuma ban taɓa jin fasto ko fada da ya ce mai shayarwa ko mai ciwon suga ta wahalar da kanta har ta faɗi ba. Kada a laƙaba wa yunwar gangan sunan ibada don a rufe bakin maigida.

Game da yara kuma, har yanzu akwai kakannin da suke cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi da ɗauke-ɗauke. Wannan magana ba ta da tushe. Daga wata 6 jariri zai iya cin dafaffen ƙwai da aka murmushe masa, idan dai ya dahu sosai har gwaiduwar ta yi tauri.

Abin da nake so ku yi ba shi da yawa, kuma na faɗe shi a taron zumunta har bakina ya gaji. A daina shayin yau, a kawo mana kwalin mu gani. Idan an daɗe ana sha, ciki zai iya ɗaurewa na 'yan kwanaki, a sha ruwa da yawa, a ci zogale da alayyahu da gwanda, kada a koma. A karya da safe. A ware ƙwan gida kafin mai shayi ya zo, a dafa shi maimakon a soya. A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye, a riƙa auna mai da cokali, a rage gishiri da dunƙule. Lemo da maltina su zama na ranar biki. A yi tafiyar ƙafa ta minti 30 sau 5 a mako, da sassafe kafin rana ta yi zafi, ku haɗu ku 2 ko 3 a layi ɗaya. A ari tef ɗin tela a auna ƙugu sau ɗaya a wata, idan ya wuce santimita 88 a zo a auna jini da suga. Rabin kilo a mako ya isa. Mai shan maganin hawan jini ko na suga, da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, su sani gudawar nan tana dagula aikin maganinsu, mai ciki kuwa kada ta ko kusanci wannan shayi.

Tun da na sa ku cin ƙwan, dole in ƙara magana ɗaya a kan kajin. Idan kin zuba musu maganin ƙwayoyin cuta a ruwa, irin kafson ja da yalo da kuke ɓarewa ba tare da tambayar kowa ba, ƙwan kwanakin nan ba na ci ba ne kuma ba na sayarwa ba ne, sai wa'adin da malamin dabbobi ya faɗa ya cika. A yi musu rigakafin Lasota kafin hunturu, lokacin da cutar nan mai karya wuyan kaji take share keji a kwana kaɗan. Kada yaro mai rarrafe ya shiga inda kashinsu yake, a wanke hannu da sabulu bayan an ɗebi ƙwai. Kashin kuma, idan an tara shi ya ruɓe ya huce, taki ne mai kyau. Buhu 3 ko 4 da aka cika da ƙasa a jikin katanga sun isa su ba gida alayyahu da rama, ba sai an je kasuwar 'Yan Kaba ba.

Iyayen gida, da ku ma nake. Idan matarka tana shiga bayan gida sau 3 kafin asuba, ka tambaya. Kuma wasan da kake yi da jikinta a gaban yara, kana dariya, ita ba ta ɗauke shi wasa ba. Mijin wannan uwa da na ba ku labari ya ce shi bai taɓa cewa ta rage ba, sai ita ta tuna masa ranar da ya ce babur ɗinsa yana kuka idan ta hau. Ya yi shiru. Yanzu shi ne yake riƙe ƙaramin yaron da asuba, ita ta fita tafiya da maƙwabciyarta.

Wata 3 ke nan. Ta zo awo makon jiya, ta ragu da kilo 4, ƙugunta ya sauka da santimita 5, jirin ya tafi, nono ya dawo sosai, yaron yana ta wutsil-wutsil a kan sikeli. Kiret ɗin mai shayi yanzu sai ya yi kwana 5 kafin ya cika, domin kowa a gidan yana cin ƙwai, ta ce har ya fara ƙorafi. Ita ma ba ta bar ƙorafi ba, ta ce abin yana tafiya a hankali, ankon Kirsimeti kuma tela yana jiran awo. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta rage murya ta ce, "Sista, sauran kwalin nan ban zubar ba, ƙanwar maigidana na ba, ta haihu wata 2 da suka wuce." Na karɓi kwatancen gidan a Badawa, ranar Asabar da safe zan je.