Schnitzel

Schnitzel wani irin soyayyen nama ne da aka fi sani a ƙasashen Ostiriya da Jamus, yanka ne guda na tsoka zalla ba ƙashi, a bubbuga shi ya yi fale-fale, a turbuɗa shi a fulawa da ƙwai da garin busasshen burodi sannan a soya a mai. Sunan daga Jamusanci yake, asalin kalmar kuwa "yanka" take nufi, wato ɗan yanki. Abinci ne da ake so wurin masu dawowa daga aiki da yamma a gajiye saboda suyar kanta ba ta wuce minti 2 ko 3 a kowane gefe, kuma sau da yawa da salak ake cin sa.

Wanda ya fi suna shi ne Wiener Schnitzel, wato na birnin Vienna, kuma shi da naman ɗan maraƙi ake yin sa, haka yake a rubuce a kundin ƙa'idojin abinci na Ostiriya. Sai dai fa naman maraƙi tsada gare shi, shi ya sa wanda talaka ke ci a gida da wanda ake sayarwa a yawancin ƙananan gidajen abinci na naman alade ne. A Jamus ana rubuta shi Schnitzel Wiener Art, ma'ana "irin na Vienna", a Ostiriya kuma Wiener Schnitzel vom Schwein. Har shahararren gidan abincin nan Figlmüller da aka buɗe a Vienna a 1905, wanda yankansa ke fin faranti faɗi, na alade ne ya yi suna da shi.

An fara ganin sunan Wiener Schnitzel a wani littafin girki na 1831. Akwai labarin da ake ta yawo da shi cewa wai babban kwamandan sojan Ostiriya Radetzky ne ya zo da girkin daga Italiya a 1857, amma masanin harshe Heinz-Dieter Pohl ya bi diddigi ya nuna ƙirƙirarsa aka yi daga baya. Abin da ba shakka a ciki shi ne mutanen Milan suna da nasu mai kama da shi, cotoletta, wanda suke soyawa da ƙashinsa a man shanu.

Wajen haɗawa ne ake gane wanda ya iya. Naman ana ɗebo shi daga gadon baya ko cinya, a sa shi tsakanin leda biyu a bubbuga a hankali har kaurinsa ya koma kamar milimita 4, ba wai a farfasa shi ba, sai a barbaɗa gishiri. Faranti uku ake jerawa, na fulawa, na kaɗaɗɗen ƙwai, na garin burodi, kuma a wannan jerin dole, don fulawar ce ke shanye danshin naman ta sa ƙwai ya kama, ƙwan kuma shi ke riƙe garin. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su danna garin da tafin hannu don ya manne, to a Vienna wannan ba daidai ba ne, yayyafawa kawai ake yi a kakkaɓe, kuma ana gama turbuɗawa sai kasko, in an ajiye shi ya jima garin zai jiƙe ya yi lagwas. Man ya zama mai yawa har naman yana iyo a ciki, zafinsa wajen digiri 160 zuwa 170, mai suya kuma ba ya tsayawa kallo, jijjiga kaskon yake ta yi yana watsa mai ta sama da cokali. Dalili shi ne tururin da ke fita daga naman ya tura ɓawon ya kumbura ya rabu da tsokar ya yi tudu-tudu kamar igiyar ruwa, wannan kumburin shi ne alamar mai kyau, kuma a ganina duk daɗin abin yana nan, ɓawo mai ƙaras-ƙaras nama kuma mai laushi a ciki. Launin da ake nema ruwan zinare ne, in ya yi duhu to wuta ta yi yawa.

A gargajiyance da kitsen alade ake suyar ko da narkakken man shanu da aka tace, wanda suke kira Butterschmalz, kusan irin man shanun da muke soyawa a ajiye a kwalba. Yanzu da yawa man girki na kanti suke sawa.

Salak ɗin ba ado ba ne, tsaminsa ne ke yanke maiƙon suyar. Na Vienna na dankalin turawa ne kuma babu mayonis a ciki, ana dafa dankalin a yanka da zafinsa a zuba masa romon naman sa da ruwan khal da mai da albasa da mustad da ɗan sukari, ya tsotse. Mai sauri kuma sai ya yi na kokwamba, a yanka siriri a sa gishiri a matse ruwan, ko latas kawai. A yankin Steiermark na Ostiriya man ƙwayar kabewa suke zubawa, wani mai duhu kore-kore. Yankin lemun tsami kuwa ba ya rabuwa da farantin. Akwai Jägerschnitzel da Jamusawa ke yi da miyar naman kaza wato lemar kwaɗi, amma mutanen Vienna ba sa son a kwara miya a kan ɓawon da aka sha wahalar yi.

Girkin ya bazu. A Folan ana ce masa kotlet schabowy, na alade ne, ana ci da dankali da kokwamba a kirim mai tsami. A Japan akwai tonkatsu, shi mai kauri ne kuma da kabeji yankakke siriri ake kawo shi, ana danganta farkonsa da gidan abincin Rengatei na Tokyo a 1899. Ajantina suna da milanesa ta naman sa, a Isra'ila kuma na kaza ne ya fi yawa.

Ga Musulmin da karatu ko kasuwanci ya kai Jamus ko Ostiriya, abin lura shi ne in aka rubuta Schnitzel kawai ba ƙarin bayani to galibi alade ne, kuma ɓawon ya rufe naman ba a gane shi da ido. Schwein shi ne alade, Kalb ɗan maraƙi, Pute talotalo, Hähnchen ko Huhn kaza. Ko an samu na maraƙin ma sai an tambayi man da aka soya da shi, don Schweineschmalz kitsen alade ne kuma wasu wuraren kasko ɗaya suke soya komai, bayan haka ga batun yanka. Mahautan Turkawa da Larabawa a Berlin da Vienna suna sayar da naman halal, a gida kuma ƙirjin kaza da aka tsaga biyu aka bubbuga yana yin daidai da wannan tsarin na faranti uku, sai dai shi ya fi saurin bushewa in ya daɗe a mai.