Wai mene ne rigileta a mota da mashin?

Mutane da yawa in batir ya mutu sai kawai su ce batirin ne ba shi da kyau, su sayi sabo, bayan ɗan lokaci shi ma ya bi sahu. Sau da dama ba laifin batirin ba ne, wani ɗan ƙaramin abu ne da ake kira rigileta, shi ne yake ƙayyade yawan wutar da altaneta, wato abin da ke samar da wuta in injin na aiki, ke turawa batir da fitilu.

Ga yadda abin yake. Altaneta da fambel yake juyawa, to in injin na silo wutar kaɗan ce, in ka taka totur kuma sai ta haura, in da ba mai riƙe ta ai sai ƙwan fitila ya ƙone nan take. Batirin mota mai volt 12 in ya cika a kashe za ka ga wajen 12.6, in injin na aiki kuma ana so cajin ya tsaya tsakanin 13.8 zuwa 14.4. Aikin rigileta kenan, yana rage ko ƙara wutar da ke shiga kwil ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke juyawa a cikin altaneta, in volt ya haura ya datse, in ka kunna fitila da esi ya sauka sai ya saki, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Manyan motoci masu volt 24 kuwa wajen 28 ake riƙewa.

Rigiletan da, zamanin dinamo (abin da ke caji kafin zuwan altaneta), akwati ne daban mai ƙarafuna da ke haɗuwa suna rabuwa. Yanzu lantarki ne zalla an cusa shi a bayan altaneta, a sababbin motoci ma kwamfutar motar ce ke ba shi umarni.

Na mashin ne ya fi ba ni sha'awa gaskiya. Can maganaɗisu ne na dindindin a jikin injin, ba yadda za a yi a rage ƙarfinsa, saboda haka rarar wutar sai dai a zubar da ita, shi ya sa akwatin ke ɗaukar zafi har ake yi masa ƙarfe mai tsaga-tsaga don iska ta riƙa sanyaya shi. A ƙananan mashina da yawa fitilar gaba kai tsaye take sha daga kwil ba daga batir ba, ka ga dalilin da take dusashewa a silo ta haska in an murɗa totur, kuma akwati ɗaya ne ke tsare fitilar kar ta ƙone yana kuma mayar da AC (wutar kwil mai kai-da-komo) zuwa DC (mai bin hanya ɗaya) don cajin batir.

In ya lalace hanya biyu ce. Ko ya sake wuta ta wuce 15, ruwan batir ya riƙa tafasa yana ƙafewa da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila na ta ƙonewa, ko kuma ya hana caji, fitila ta yi ja-ja, da safe mota ta ƙi tashi.

Sai wannan ɗabi'ar ta cire kan batir injin na aiki wai a gwada ko altaneta na caji, don Allah a daina, wutar kan yi tsalle ta ƙona rigiletan har da kwamfutar mota. Mitar auna volt za ka ɗora a kan batir, ka kunna fitilu, ka ɗan taka totur ka ga ko lambar ta tsaya wajen 14.