Mece ce rawar bale, kuma me baƙo zai tarar a gidan kallonta?

Ɗalibin da karatu ya kai Landan, Faris ko Mosko, da wuya ya shekara bai ga tallar rawar bale a tashar jirgin ƙasa ba, musamman idan Disamba ta kama. Wata rana ma abokin karatu zai ce masa su je kallo.

Bale rawa ce ta dandali wadda ake tsara kowane takunta tun kafin ranar wasa, makaɗa kuma suna zaune a wani rami da ke gaban dandalin. Galibi labari ake bayarwa, na soyayya, yaudara ko mutuwa, amma daga farko har ƙarshe 'yan rawar ba sa furta kalma ko rera waƙa. A nan ta sha bamban da opera, wadda waƙa ce jigonta. A fadojin Italiya aka faro ta cikin ƙarni na 15, Faransa ta raine ta. Sarki Louis na 14, wanda shi kansa yake taka rawar, ya kafa cibiyar rawa ta masarauta a Faris a 1661, shi ya sa har yau da Faransanci ake kiran sunayen takun ko ina ake koyarwa. Daga baya Rasha ta yi fice. A gidan Bolshoi na Mosko aka fara nuna wasan Swan Lake a 1877, da kiɗan da Tchaikovsky ɗan Rasha ya tsara, The Nutcracker kuwa, wadda ke cika gidajen wasa lokacin Kirsimeti, a birnin St. Petersburg aka fara ta a 1892.

Abin da ke ɓatar da baƙo shi ne jiran a yi magana. Maganar tana nan, a hannu take. Idan ɗan rawa ya ɗora hannuwa biyu a ƙirjinsa, so yake nufi. Idan ya nuna yatsar zobe, zancen aure ne. Idan ya dunƙule hannuwa ya gitta su a gabansa, mutuwa ake faɗa. Wanda ya san yadda mai kalangu ke kiran taken mutum ba tare da ya buɗe baki ba, ba zai yi mamakin wannan ba. Shawarata ita ce a karanta taƙaitaccen labarin a intanet ko a ɗan littafin da ake sayarwa a bakin ƙofa kafin a kashe fitilu. Wanda bai yi haka ba, tsalle da juyi kawai zai gani har ya gaji.

Ni abin da ya fi riƙe ni ƙafa ce. Matan suna tsayawa a kan ƙarshen yatsunsu, cikin takalmin da aka ƙarfafa bakinsa da ƙyalle, takarda da gam. Babbar 'yar rawa kan iya kashe takalmi guda a dare ɗaya. A Swan Lake akwai wurin da take juyi sau 32 a kan ƙafa ɗaya ba tsayawa, fuskarta kuma a sake kamar ba ta jin komai. Tun suna yara suke fara horo, shekara da shekaru, ga ciwon ƙafa da na gwiwa. Duk wahalar nan an yi ta ne don kada mai kallo ya ga alamarta, kuma wannan ya cancanci girmamawa.

Gidan yana da ƙa'idojinsa. Wanda ya makara sai ya jira a waje har a sami inda za a shigar da shi, sau da yawa sai lokacin hutu. A kashe waya, ba hoto, ba hira. Tafi kuwa ana yi bayan an gama taku mai wuya, in ba ka tabbata ba ka jira na kusa da kai ya fara. Ba dole sai da kwat ba, kaftani mai tsafta ya wadatar. Kujerun can sama sun fi araha, daga nan ma aka fi ganin yadda 'yan rawa ke jeruwa sahu-sahu, kuma gidaje da dama suna yi wa ɗalibai rangwame.

Akwai abin da ya kamata a sani tun daga gida. Tufafin 'yan rawar matsattsu ne, namiji kan riƙe mace ya ɗaga ta sama, kuma ana sayar da giya a harabar lokacin hutu. Wani zai ji haka ya ce a kai kasuwa, kuma ba a ce ya yi laifi ba. Wanda ya yanke shawarar zuwa, ya duba lokacin magariba da isha'i, domin wasa mai tsawo kan kusa awa uku idan aka haɗa da hutu.