Mene Ne Hasken Cherenkov?

Idan masana kimiyya suka ce babu abin da ya fi haske gudu, suna nufin gudunsa a sararin da babu komai a cikinsa, ko da iska, wato kimanin kilomita 299,792 a kowane sakan. Wannan ita ce iyakar da nazarin Albert Einstein na shekarar 1905 ya ginu a kanta. Sai dai haske yakan rage gudu da zarar ya shiga wani abu: a cikin ruwa yana yin kusan kilomita 225,000 a sakan, a gilashi kusan 200,000, a lu'u-lu'u kuwa bai wuce 124,000 ba.

A wannan giɓi ne hasken Cherenkov yake samuwa. Ƙwayar zarra mai ɗauke da cajin lantarki, kamar elektron, tana iya ratsa ruwa da gudun da ya zarce na haske a cikin ruwan, alhali ba ta kai waccan iyaka ta sarari ba, saboda haka babu wata doka ta kimiyya da aka karya. Yayin da take wucewa, takan girgiza ƙwayoyin ruwan da ke kan hanyarta, su kuma su saki haske wanda yake taruwa yana buɗewa a bayanta, kamar yadda kwale-kwale mai inji yake barin igiyar ruwa a baya idan ya fi ta sauri. Hasken shuɗi ne a ido, kuma shi ne ake gani a tafkin da ke lulluɓe da tukunyar nukiliya, wato na'urar da ake samar da makamashin nukiliya a cikinta.

Masanin kimiyya Pavel Cherenkov ne ya lura da shi a birnin Mosko a 1934, yana aiki ƙarƙashin Sergei Vavilov. Ilya Frank da Igor Tamm suka bayyana dalilinsa a 1937, kuma su biyun tare da Cherenkov suka sami lambar yabo ta Nobel a 1958, Vavilov kuwa ya riga ya rasu.

Amfaninsa mafi burgewa shi ne gano ƙwayoyin nutirino, wato wasu ƙananan ƙwayoyi marasa cajin lantarki waɗanda da wuya su taɓa wani abu. Amma idan ɗaya ta bugi ƙwayar ruwa, takan fitar da ƙwaya mai caji wadda ita ce ke haifar da hasken. A Japan, na'urar Super-Kamiokande tana riƙe da ruwa tan 50,000 a ƙarƙashin dutse, kuma dubban na'urorin gano haske da ke jikin bangonta suna kama shuɗin hasken, sannan daga siffarsa a san inda ƙwayar ta fito da irin ƙarfinta.