Waiwaye: wa ke cike gurbin kansila?

Idan ɗan majalisar tarayya ya rasu ko ya ajiye muƙaminsa, kowa ya san INEC ce za ta sa ranar zaɓen cike gurbi. Idan kansila ne fa? Mutane da yawa a mazaɓarsa ba su san hukumar da za su tambaya ba, balle wa'adin da doka ta ɗiba. Wannan duhun kan yana da tarihi.

Kansilan da muka sani a yau ya samo asali ne daga garambawul ɗin 1976, lokacin mulkin soja na Janar Obasanjo, wanda ya rufe babin En'e ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa. Zaɓen farko a ƙarshen wannan shekara ba na jam'iyya ba ne, mutum da sunansa yake tsayawa. Haka aka maimaita a Disambar 1987 zamanin Babangida, da kuma 1996 zamanin Abacha. A tsakani, a Disambar 1990, aka yi na SDP da NRC da tsarin ƙato bayan ƙato, masu zaɓe su yi layi a ƙirga su a bainar jama'a. Daga 1987 zuwa zaɓen 5 ga Disambar 1998, wanda da shi aka auna ƙarfin PDP da APP da AD, hukumar zaɓe ta ƙasa ce ke riƙe da akwati.

Tsarin mulkin 1999 ne ya sauya hannu. Sashe na 7 ya ce dole shugabancin ƙaramar hukuma ya zama na zaɓaɓɓu, amma ya bar wa majalisar dokokin jiha tsara yadda abin zai kasance. Sashe na 197 kuma ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓenta mai gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta, majalisa ta tabbatar. Cikin ƙananan hukumomi 774, shida kacal na Abuja ne suka rage a hannun INEC. Rajistar masu zaɓe dai ta INEC ce, ita jihohi ke karɓa su yi amfani da ita. A 2002 Kotun Ƙoli ta ƙara wa jihohi ƙarfi, ta ce majalisar tarayya ba ta da hurumin tsawaita wa'adin shugabannin ƙananan hukumomin jihohi. Da wa'adin ya ƙare a wannan shekara sai aka cika ƙasa da kantomomi, yawancin jihohi ba su koma rumfar zaɓe ba sai 2004. Daga nan gwamnoni suka ɗanɗana, suka ji daɗi. Inda aka saba rushe majalisa sukutum a naɗa kwamitin riƙo, wa zai damu da kujerar kansila guda?

A takarda, ƙa'idojin suna nan. Dokar Zaɓe ta 2022 ta fayyace su game da Abuja: idan ciyaman ya rasu ko aka tsige shi, mataimakinsa ne ke hawa. Idan gurbi ya samu alhali saura fiye da wata uku wa'adin majalisa ya cika, a yi zaɓen cike gurbi cikin kwana 30. Ɗan takara sai ya zama ɗan ƙasa mai rajistar zaɓe, da ilimi aƙalla matakin sakandare, kuma jam'iyya ce za ta tsayar da shi, domin tsayawa da ƙafar kai ya tafi tare da zaɓukan soja. Kansila da rinjayen ƙuri'a kawai yake ci, ciyaman kuwa sai ya haɗa da kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na mazaɓu. Sashe na 150 na dokar ya ce hukumomin jihohi su bi wannan hanya, zaɓen da ya kauce mata kuma ba shi da inganci. Ko batun shekaru ma tsarin mulki ya ɗaure jihohi, tunda ya ce duk wanda ya cancanci neman majalisar jiha ya cancanci neman kujera a ƙaramar hukuma, gyaran 2018 kuwa ya sauko da shekarun majalisar jiha daga 30 zuwa 25.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da jihohi ke ɗorawa a kai. A Kano, mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, an ƙara gwajin ƙwaya a wajen hukumar NDLEA, kuma ba na jin akwai uban da zai yi faɗa da wannan. Kuɗin fom ne ya tayar da ƙura: gabanin zaɓen Oktoban 2024 hukumar zaɓen jihar ta sa naira miliyan 10 ga ciyaman da miliyan 5 ga kansila, har aka kai ta kotu. Malamin firamare ko mai shagon unguwa da jama'a suka yarda da shi, ina zai samo wannan? Idan kuma na cike gurbi ne, ragowar wa'adi kawai zai yi, wataƙila shekara guda. Sai dai wanda uban gida ya saya wa fom, shi kuma biyayyarsa ta riga ta san inda za ta. Sakamako ma ba ya ba da mamaki. APC ta share dukkan kujerun ciyaman na Kano a 2021, NNPP ta share su a 2024. Jam'iyya ta sauya, hali bai sauya ba.

Kaduna ce ta ɗan fita daban. A Mayun 2018 da Satumbar 2021 ta yi zaɓe da na'ura, mai zaɓe ya danna alamar jam'iyyarsa, kuma 'yan adawa sun samu wasu ƙananan hukumomi duk da ƙorafin da aka yi. A 2024 aka koma takardar ƙuri'a, jam'iyya mai mulki ta kwashe duka 23.

Kotun Ƙoli ta yi ta jan kunne. A 2021 ta ce rushe zaɓaɓɓun shugabanni da aka yi a Katsina da Oyo haramun ne. Ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar, ta haramta kwamitocin riƙo, ta ce kason tarayya ya tafi kai tsaye ga zaɓaɓɓun majalisu kaɗai. Nan da nan jihohin da suka shekara da shekaru ba zaɓe suka ruga rumfa. A Fabrairun 2025 kuma ta soke zaɓen ƙananan hukumomin Ribas saboda saɓa wa Dokar Zaɓe. Mutanen kowace mazaɓa da kujerarta ta zauna babu kowa suna iya neman kotu ta tilasta zaɓe, amma ɗaukar lauya kan kujerar kansila ba ƙaramin kuɗi ba ne, shari'ar ma tana iya wuce ragowar wa'adin. Masu kiran a soke hukumomin jihohi a mayar wa INEC aikin kuwa suna buƙatar gyaran tsarin mulki, wanda sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince.